Baba da Kyamarar Ƙofar Baya

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da aikinki, ina sanar da ke Baba ya sake fita ranar Talata. Mai kantin unguwarmu ne ya tsince shi a bakin babban titi, yana neman shagonsa na ɗinki da aka rushe tun kina goye.

Kyamarar da kika kafa mana a get ba ta tsinana komai ba. Kyanwa ta gifta, kyamarar ta turo min imel. Mai ruwa ya shigo, imel. Iska ta kaɗa shanya, imel. Har na daina buɗewa a ofis. Ƙarar jiniyar da take yi kuwa firgita Baba take. Mama ba ta da gwiwar bin sa, ni kuma ina wurin aiki.

Don haka na yanke shawara. Zan kira kafinta ya sa sakata a ɗakinsa ta waje, a riƙa rufe shi har in dawo. Ba daɗi nake ji ba, amma ya fi mota ta buge shi.

Ki huta lafiya.
Yayanki

*

Yaya na kaina,

Ina gaishe ka, ina gaida Mama da jiki. Don Allah ka dakatar da kafintan nan. Mutumin da ko taga ba ya yarda a rufe masa, ranar da ya ji sakata daga waje zuciyarsa za ta karye, tawa ma haka.

Na shiga kyamarar daga nan na kalli bidiyon Talata kaf. Na ga kyanwa, na ga mai ruwa, na gan ka kana faɗa da babur ɗinka. Baba bai bi ta get ba sam. Ta ƙaramar ƙofar baya yake fita, hanyarsa ta zuwa shago, wadda ba mai bi yanzu sai shi.

Ka ciro kyamarar ka ɗaura ta can, kusoshi huɗu ne kawai, ba za su ci maka mutunci ba. Da ta kunnu zan ja mata layi daga nan a hoton bakin ƙofa, in ce mutum kawai za ta kula, ban da dabba da inuwa. In ya tsallake layin, imel zai zo maka da hotonsa da take "Baba ya fita". In ya juyo, wani zai zo, "Baba ya dawo". In na biyun ya yi jinkiri, ka kira mai kanti.

Jiniya kuma na cire ta. Ka tuna Baba bai taɓa zuwa shago babu tef ɗin awo a wuyansa ba? Na kira Mama na naɗi muryarta, sai da muka yi ta maimaitawa don dariya ta hana ta. Abin da kyamarar za ta faɗa ke nan in ya tsallake layin: "Malam, ka manta tef ɗinka." Ka nemo tef ɗin ka ba Mama ta riƙe.

Taka har kullum,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Jiya da hantsi ina tsakiyar aiki imel ya shigo, ga ƙeyar Baba a bakin ƙofa. Ban gama laluben mukullin babur ba na biyun ya shigo. Ga fuskarsa, ya juyo yana mita. Na daki tebur har abokan aikina suka waiwayo.

Mama ta ce da ya karɓi tef ɗin sai ya manta da fitar, ya tsaya auna labule. Da na dawo ya tsayar da ni a tsakar gida, ya auna kafaɗata, ya ce na yi ƙiba. Auta, da sunana ya kira ni. Rabon da ya gane ni har na manta.

Na sallami kafinta. Allah ya yi miki albarka.

Yayanki