Saitin da Muka Yi a Gindin Marke

Zuwa ga aminina Buba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan saƙo ya same ka lafiya, kai da iyalinka da abin da ya rage maka na dabbobi, a duk inda ƙafa ta kai ka. Ni ne Lawwali, abokin farautarka na yankin Gwashi. Lambarka ta daɗe ba ta shiga, kuma na san ba ka karatun boko, shi ya sa na rubuta a nan inda jama'a ke gani. Wanda ya san inda kake, don Allah ya karanta maka.

Maganar bindigar nan ce, mai madubi, wadda Kawu ya bar mini. Ana so in canza mata saiti, ni kuma ban san wanda zan yi shawara da shi ba sai kai, tunda tare muka saita ta.

Ka tuna ranar da na fara kawo ta rugarku? Ka juya ta, ka leƙa madubin ta baya, ka yi dariya har da riƙe ciki. Ka ce, "Kaɗo, yanzu hab bindiga ta sa tabarau? Ita ma ta tsuhwa ke nan." Na ji haushi, amma ban nuna ba. Kai da ko kunamar bindiga ba ka taɓa ja ba, kai ne mai yi mini tsiya.

Saitin farko a fadama muka yi shi, a fili fetal. Madubin yana jawo abu kusa, sai ɗoki ya ɗebe mu. Muka kafa sakaina can nesa, inda ido da kyar yake tsinkayo ta, muka yi ta murɗa 'yan ƙarafan nan biyu na jikin madubin har harsashi ya fasa ta. Muka dawo gida muna hura hanci. Ko ɗaya daga cikinmu bai tuna cewa gadar dajinmu ba ta tsayawa a fili ba. A cikin sarƙaƙiya ake cin karo da ita, kusa da kai ƙwarai.

Haka kuwa aka yi. Gada ta ɓullo a gabanmu, na ɗora mata inda zare biyun madubin suka haɗu, daidai bayan kafaɗa, na yi bismillah na ja. Harsashi ya hau sama da inda na nufa, ya yage mata baya, ta faɗa cikin ƙaya tana jan ƙafa. Tun hantsi muke bin jini har la'asar. Da muka same ta tana haki a ƙarƙashin wata sabara, kai ka zaro wuƙa ka yanka ta. Ka ƙi cin naman, ka kuma ƙi yi mini magana har muka shigo gari.

Washegari ka zo da kanka, ka ja ni gindin marken nan na bayan gonarmu. Muka kifa tsohon turmin Inna, muka ɗora buhun ƙaiƙayi a kai don bindiga ta zauna ba rawa. Ka ɗiga baƙin gawayi a tsakiyar sakaina, ka kafa ta kusa, kamar daga ƙofar masallaci zuwa rijiya. Ina harbi, kana gefe kana duba inda ƙura ta tashi, kana nuna mini da sandarka, sama ko ƙasa, dama ko hagu. Ina murɗawa a hankali har harsashi ya shiga cikin gawayin. Sai ka dafa madubin ka ce, "To, ka bas shi nan. Kak ka ƙara halbin abin da ba ka ga idonai ba."

Tun daga ranar ban sake taɓa shi ba, kuma ban sake wahalar da dabba ba. Duk gada ko barewar da na ɗauka, sai da na ga ƙwayar idonta.

Shekarun da suka biyo baya masu daɗi ne, Buba. In mun dawo, cinya ɗaya ta wuce ruga, matarka Dije kuma ta aiko wa Inna ƙwaryar nono da curin man shanu. Inna takan ce, "Hannu na Lawwali, ido na Buba, ni kau miya tawa." Da ɗanka Ja'e ya fara karatun allo, fatar barewar da muka harbo tare na jeme masa ya riƙa zama a kai.

Ba sai na ba ka labarin abin da ya zo daga baya ba, tare ya same mu. Daji ya daina zama wurin farauta. Aka kore maka shanu, aka hana mu gonakin nesa. Sannan aka harbe Yaya Umaru yana tsakiyar noman gero, da fartanya a hannunsa. Ba wanda ya ga fuskar masu harbin, daga bakin daji suka yi. Kafin a share makoki wasu fusatattu suka cinna wa rugarku wuta. Da labari ya iso ni na ruga, na tarar da toka da fasassun ƙore, ba kowa. Har yau ban san ta wace hanya kuka bi ba. Wani ya ce ya gan ka wajen Gummi, wani ya ce kun ƙetara gaba.

Akwai kuma maganar da ban so in rubuta ba, amma ɓoye ta ba amfani. Ana cewa Ja'e ya shiga cikin mutanen daji. Ban yarda ba, ban kuma iya rantsewa ƙarya ce ba. Ya zama saurayi, ya ga gidan ubansa yana ci da wuta. Nasiru ƙanena ma ai ya ga gawar yayansa, kuma na ga abin da hakan ya mai da shi.

Nasirun ne yanzu ke jagorantar samarin da ke gadin gari. Sun ce bindigogin toka ba sa kai wa ko'ina, tawa ce kaɗai mai madubi. Suna so in mayar da saitinta nesa, irin na farko, a hau da ita kan dutsen da ke kallon fadama, duk wanda ya fito daga daji a sauke shi tun bai ƙetaro ba. Nasiru ya tsaya a zaurena, idonsa jawur, ya ce, "Yaya, su daga nesa sunka halbe Umaru. Mu mi muka jira?" Kuma ba ƙarya ya yi ba.

Na ce a ba ni lokaci. Lokacin ne ya jawo mini magana. In na shiga majalisa sai hira ta mutu. An fara tuna cewa ina da aboki Bafillace, kuma kalmar nan ta infoma, mai kai wa mutanen daji rahoto, ta fara yawo kusa da sunana. Ka san abin da ake yi wa wanda ta manne masa a ƙasar nan. Inna ta tsufa, ba ta fita, amma komai yana isa kunnenta. Ta kira ni ɗakinta ta ce, "Na bizne guda, Lawwali. Ba ni iya bizne na biyu. Yi musu abin da suka so." Wallahi na ji tsoro, kuma har yanzu ina jin sa.

Yau da hantsi na ɗauki bindigar na hau dutsen, da niyyar in yi musu abin da suke so. Na cire harsashi tukuna, na kwanta, na sa ido a madubi ina auna nisan. Sai ga mutum ya fito daga bakin daji, da malfa, da wani abu dogo a saɓe a kafaɗa. Na ƙura ido har hawaye ya zubo. Madubin ya nuna mini malfar, ya nuna mini rigar, amma fuska babu, duhu ne kawai a ƙarƙashin malfa. Abin kafaɗar ko sanda ce ko bindiga, ban iya rabewa ba. Tafiyarsa irin taka ce, mai ɗan jan ƙafar hagu. Wataƙila kai ne, wataƙila mai neman itace ne, wataƙila wanda ya kashe Umaru ne. Ya juya ya koma cikin itatuwa, ni kuma na sauko ban murɗa komai ba.

Na gaya wa Nasiru ba zan canza ba. Na ce zan yi gadi tare da su, ba zan noƙe ba, amma a ƙofar gari zan tsaya, inda ake ganin idon mutum. Ya dube ni ya fita ba sallama. Ban san abin da za su yanke a kaina ba.

Kada ka ɗauka hankalina ya kwanta, Buba, don sai da na zauna na gane abin da na zaɓa. Da na mai da ita nesa, in na harbi wani ba zan taɓa sanin ko wane ne ba. Yanzu zan sani. In wata rana aka taso wa gari, Ja'e yana cikinsu, madubin nan zai kawo mini fuskarsa tas, har da tabon da ƙahon maraƙi ya yi masa a gira. Inna tana bayana, 'ya'yana da marayun Umaru suna bayana. Ban san abin da yatsana zai yi ba, kuma wannan ne ke hana ni cin abinci.

Saboda haka ina roƙon ka, don nonon da Dije ta riƙa aiko mana muka sha, in kana da hanyar da maganarka za ta kai ga yaron nan, ka ce masa kada ya zo ƙofar garinmu. In kuwa ƙarya ake yi masa, ka yafe mini, ka gaishe shi. Kai kuma in Allah Ya sa za ka dawo, kada ka biyo ta fadama. Ka biyo ta gindin marke da rana tsaka, ka cire malfa, ka ƙwala mini Kaɗo da ƙarfi yadda ka saba.

Allah Ya jiƙan Umaru da duk wanda aka kashe ba da hakkinsa ba, naku da namu. Allah Ya tsare ka, Ya tsare zuriyarka, Ya sanyaya zuciyar Nasiru. Allah Ya mayar da dajin nan wurin gada da barewa. Ya Allah, kada Ka nuna mini fuskar da na sani a cikin madubin nan.

Naka har kullum,
Kaɗonka, Lawwali