Hausar Oga Nwankwo

Litinin, 13 ga Mayu

Ruwa ya sauka, manoma sun tashi. Tun safe saƙonni ke shigowa daga ƙauyen Manga, wannan irin masara, wancan maganin ciyawa. Ana cikin haka sai ga yaya Dominic, ya zo ya ɗare kan buhun taki, ya soma wa'azinsa na kullum, wai in sa lambar sirri a Wasaf ɗin shago. Mutumin nan tun da ya bar soja kowa ɓarawo ne a idonsa. Na ce masa ni maganin feshi nake sayarwa, ba banki na buɗe ba, wa zai ɓata lokacinsa a kaina? Ya ce layin nan shi ne shagon, kuma shi kaɗai Kefas ya sani a ka. To wannan gaskiya ce. Mijina Kefas soja ne, yana daji can gabas, in Allah ya ba su sabis, ta nan kawai yake nemanmu. Amma dai yau ba ni da lokacin latse-latse.

Laraba, 15 ga Mayu

Shiru daga Kefas. Sabis ma kamar ana rowarsa.

Alhamis, 16 ga Mayu

Kaina ya yi zafi yau. Oga Nwankwo, wanda nake sarin magani a wurinsa, ya tafi Anaca ɗauko kaya. Da rana sai ga saƙo daga lambarsa, da hotonsa da komai. Wai kamfani zai buɗe guruf na diloli, wanda ke ciki shi za a fara ba kaya. Wata lamba mai guda shida za ta shigo wayata, in tura masa ya sa ni. Ni kuwa maganin ciyawa ya kusa ƙare mini, ga damina ta kankama. Lambar ta shigo. Har na soma kwafewa, wata mata ta tsayar da ni da cinikin irin kuɓewa, ta yi ta jan zance, na ji kamar in kore ta.

Da na dawo kan wayar na sake karanta saƙon. "Ranki ya daɗe, ki daure ki turo mini lambar da ta shigo miki."

Ki? Miki? Nwankwo? Mutumin da tun da na san shi bai taɓa ce mini "ke" ba. Kullum sai, "Madam Saloma, kai zo ka ɗauki kayanka." Na gyara masa har na gaji, a gaban mutane ma na taɓa tambayarsa ko ya ga gemu a fuskata. A kasuwar Zuru ya koyi Hausarsa, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Yau kuma daga hawa motar Anaca ya zama mai karanta labarai a rediyo?

Na kira shi, ba ta shiga. Na hau mashin na je shagonsa. Adaeze matarsa ta duba, ta ce ai lambar mijinta ce, hotonsa ne, me kuma nake nema? Ranta ya ɓaci, kamar na ce mijinta maƙaryaci ne. Na dawo ina jin kunya. Ban dai tura ba.

Juma'a, 17 ga Mayu

Sun dame ni. Saƙo kan saƙo, wai za a rufe guruf. Sai wani ya kira, murya sumul, Hausar Kano tsantsa, wai shi sakataren Oga ne. Nwankwo da ke ɗaure kwali da hannunsa, yaushe ya yi sakatare? Na kashe.

Amma in gaskiya ne fa? In kaya ya zo aka raba ba ni, mutanen Manga ba za su jira ni ba, ciyawa ba ta jira. Duk yinin yau haka na yi shi, zuciya biyu.

Dole na nuna wa Dominic. Ya sa tabarau, ya nuna mini ƙasan saƙon lambar, inda aka rubuta da Turanci kada a ba kowa. Ban ma kai nan da karatu ba. Ya ce wannan mabuɗin Wasaf ɗina ne, in na tura, sun fitar da ni sun shiga. Bai ce "na faɗa miki" ba, sai dai yadda ya naɗe tabarau ɗin ya fi faɗar ciwo.

Asabar, 18 ga Mayu

Nwankwo ya dawo, ido jawur. Ashe tun Talata aka kwashe masa Wasaf, shi ma da irin wannan lambar. Abel na Ribah, wani dila irina, ya tura tasa. Yanzu ɓarawon yana bin dangin Abel ɗaya bayan ɗaya, wai ya yi hatsari yana asibiti. Tsohuwarsa har ta faɗi, alhali mutum yana gona lafiya lau.

Nwankwo ya tsaya bakin shagona ya ce, "Madam, kai ne kawai ba ka tura ba. Yaya ka sani?"

Na ce masa Hausar ce ta yi kyau da yawa. Ya yi dariya, ni ban iya ba. Abin da ke cina shi ne, da na tura, da Kefas ya samu sabis wa zai amsa masa? Wani ƙato zai ce masa autarmu Praise na asibiti, shi kuwa yana tsakiyar daji da bindiga a hannu.

Lahadi, 19 ga Mayu

Bayan sujada na miƙa wa Dominic wayar. Ya sa lambar sirrin. Don ya ƙyale ni ne kawai.

Laraba, 22 ga Mayu

Aiki ya ninka. Duk wanda ya turo saƙon kaya sai na kira na ji murya. Baba Markus na Manga ya ji haushi, ya ce shekara nawa muna tare zan tambaye shi ko shi ne. Na ba shi haƙuri. Ga kati yana ƙarewa a banza. Allah ya isa tsakanina da mutanen nan, sun sa ina tuhumar tsofaffi.

Talata, 28 ga Mayu

Ina auna iri saƙo ya shigo, baƙuwar lamba, babu hoto.

"Saloma ni ne Kefas. Wayata ta faɗa ruwa, wannan ta abokina ce. Ina lafiya. Yaya yara?"

Mudun ya suɓuce mini, masara ta watse a ƙasa. Makonni ke nan ina jiran kalmomin nan. A da, da tuni na cika masa waya da hotuna da surutu. Na kira, ba ta shiga. Sai na ga hannuna ya rubuta, "Turo murya in ji." Shi ke nan abin da na rubuta wa mijina.

Saƙon ya tafi, bai isa ba. Wataƙila sabis ɗin minti biyu ne ya samu, a kan wani dutse, ni kuma na kashe shi a kan tambaya. Ba wai ban yarda ba ne. Shi ne mana, wa zai san zancen wayarsa in ba shi ba. Kawai dai.

Na share masarar, na sallami mutane, ina ta leƙa wayar.

Yara lafiyarsu lau, Kefas. Praise ta yi haƙori. A nan na rubuta, tunda can ban rubuta ba.