Garin Mahaifiyarku Nabilin

Da sunan Allah. Ni Rabo mai haɗa magani, mazaunin Anbariyya a Madina, na rubuta wannan a Sha'aban 1424 hankalina cikakke, ko da yake ciwon hanta ya gama da jikin. Walid, Sundus, Ikilima, da Hausa na rubuta da gangan. Ku daure ku karanta.

1. Gado a raba shi yadda Allah ya ce. Makankarar kwakwa ta mahaifiyarku Halimatu kuwa a bar wa Sundus, ita kaɗai ta iya riƙe ta.

2. Walid, na ji ka gaya wa surukanka mahaifiyarka Bajawiya ce daga Indonesiya, don kada a ji ainihin ƙasarta a ɗauka 'yar aikatau ta haife ka. Abin ya ƙona mini rai. 'Yar Filifin ce, ma'aikaciyar jinya, ta musulunta kafin in san ta. Ka je ka gyara maganar da bakinka kafin a ɗaura aure.

3. Ku san garinta. Sunansa Nabilin, a gefen wani tsibiri, teku a gaba, dutse a baya. Kwakwa ta fi mutane yawa. Na taka ƙasarsa sau ɗaya, na wuce gida bayan gida a kulle, masu ƙarfi duk sun tafi neman abinci ƙasashen waje. Tsofaffinsu sun ce jirgin ruwan masu ƙaura ne ya tsaya nan aka yi zazzaɓi, ya sauke marasa lafiya ya wuce. Waɗanda suka rayu suka sare daji suka kafa garin. Ma'anar sunan ke nan, waɗanda aka bari.

4. Kakarku Lola Pasing tana can da ranta, ita kaɗai a gida. Kirista ce, don haka ba ta da hanyar shiga Madina, ko da 'yarta ta rasu. A garinsu kowace shekara akwai ranar da ake wanke kaburbura a shafa musu farar ƙasa, kowa ya zauna gefen nasa. Ita takan tsaya bakin maƙabarta da bokitinta, ba ta da inda za ta shafa. Ikilima, ki daina kashe mata waya saboda addini. Ba haka uwarki ta yi mata ba.

5. Da an gama zaman makokina ku tafi Nabilin, ku ukun, kafin kakarku ita ma ta bi. Za ta tambaye ku inda kabarin yake. Kada ku ƙirƙira mata wuri. A maƙabartar Baƙi'a ba a rubuta suna, ni da na sa Halimatu a rami da hannuna yau ba zan iya nuna shi ba. Ku zauna kusa da ita, ta shafa fuskokinku. Ku ne abin da ya rage mata na 'yarta.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, kada ɗayanku ya sayi tikiti ya bar 'yan'uwansa. Ni ma Baƙi'a nake roƙo, ba suna, ba alama. Ku kuna da damar zuwa ku yi mini sallama, kakarku ba ta da damar zuwa ta yi wa 'yarta.