Rabin Ƙyauren da Auta Ya Sa

Daren Laraba, cikin watan Sha'aban

Yau Auta ya gama ɗan ɗakin da ya gina a gefen zaure, ya daɓe shi da siminti, ya aje randa da sabulu. Tun da likitoci suka ce ƙurar dutsen zinari da ke biyo shi gida akwai gubar dalma a ciki, barcina bai yi nauyi ba. Yanzu can zai tuɓe kayan aiki, ya yi wanka, sannan ya shigo.

Ya kuma sa wa zaure rabin ƙyaure saboda ɗiyarshi Hassatu, da ta saba rugawa ta ɗale shi da ƙurarshi duka. Da magariba ta ji babur, ta sheƙa, ƙyaure ya tare ta. Sai kuka. "Kaka, Baba ya ƙi ni!"

Na ce, "Haba uwata, alwala shika yi saboda ke."

Ban sani ba ko wannan ya shiga ƙarya, Allah ya yafe mini. Na goya ta muna sauraron zubar ruwa ta bayan katanga. Da ya fito gemu a jiƙe, ta shinshina wuyanshi, ta tsuke fuska kamar tsohuwa, ta ce, "To, ka yi tsarki. Ɗauke ni."