Lambobin Maame Pokuaa

Konongo, 3 ga Maris

Kwasi ɗan'uwana,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da Esi da yara, da aikin tashar jiragen ruwa.

Kafin ka karanta sauran, ka tuna wanda ya rubuto. Ni, Yaw Dwomoh, na bar sakandare a aji uku da wando ɗaya. Na yi dako a tashar mota. Rumfar loton nan, ta cacar lamba, da hannuna na buga katakonta. Lasisina ba kawun kowa ya karɓo min ba. Na gina ɗaki huɗu a bayan kasuwa, 'ya'yana biyu suna makarantar kwana. Shekara goma sha huɗu ina rubuta wa mutane tikiti, ban taɓa buga ko sidi ɗaya ba, domin na san lissafin.

Ga shi: lamba casa'in ne, ranar Asabar a fitar da biyar. Wanda ya zaɓi biyu suka fito, a ninka masa kuɗinsa sau ɗari biyu da arba'in. Amma sai an buga kamar sau ɗari huɗu biyun nan ke haɗuwa sau ɗaya. Abin da ke tsakani shi kamfani ke ci, ni ma a ciki nake cin fufuna.

Mahaifiyarka, Maame Pokuaa, shekara shida ke nan duk Juma'a tana kawo sidi ɗari biyar daga cinikin dokunu, tuwon masarar nan na ƙulli, ta buga 17 da 62, lambar tsohuwar motar babanka. Ita ta ciyar da ni lokacin da nake dako, hannuna ya kasa miƙa wa kamfani kuɗinta. Sai nake rubuta mata tikiti a wani tsohon littafi, ba na kai wa wakilin kamfani kwafinsa, kuɗin kuma in jefa a gwangwanin biskit. Niyyata in ya cika in rufe mata ɗakin nan da ke yoyo.

Asabar ɗin da ta wuce 17 da 62 suka fito.

Na buɗe gwangwani: dubu ɗari da hamsin da shida. Cinta dubu ɗari da ashirin. Na biya ta da kuɗinta, har da saura. Ka ga lissafina bai yi ƙarya ba.

To amma ta ɗaura farin zane ta zaga kasuwa, mata suna barbaɗa mata hoda. Yanzu layi ake yi a rumfata, wai hannuna na da albarka. Kwanon rufi kuwa ba ta sayi ko ɗaya ba. Ta ce jiran mafarki take, in ya zo dubu ɗari za ta zuba a tikiti ɗaya.

Ka zo ka yi mata magana. Ka ƙone wannan takarda.

Naka,
Yaw Dwomoh

Takoradi, 12 ga Maris

Yaw Loto,

Takardarka ta iso, mun gode Allah. Esi na gaishe ka, ta ce har yanzu kana ji da kanka? Na ce sai abin da ya ƙaru.

Na karanta sau uku. Na farko na yi dariya har wani ya tambaye ni ko lafiya. Na biyu raina ya ɓaci. Shekara shida kana ba uwata takardar banza tana sawa a cikin Baibul! In da biyun nan sun fito a shekarar farko fa, da me za ka biya ta, Malam Lissafi? Na uku na rasa ko zagin ka zan yi ko godiya.

Zuwa ba zai yiwu ba. Ana lodin buhunan kokon cakulan a jirgi, wanda ya ɗaga ƙafa kwana biyu ya dawo ya tarar da wani a gurbinsa. Kuma ka san Maame. Ni da ta goya, yaushe ta taɓa jin maganata? Ka faɗa mata gaskiya kawai. In ba za ka iya ba, kuɗinta ne, ka kai wa kamfani kamar na kowa, ka huta.

Ka gaishe da matarka Akua.

Abokinka,
Kwasi

Af, in mafarkin ya zo, ka aiko min da lambobin. Ba don komai ba.

Konongo, Juma'a 21 ga Maris

Kwasi,

Ina gaisuwa. Sunana Dwomoh, ba Loto ba. Layinka na ƙarshe kuwa na yi kamar ban gani ba.

Ka ce in faɗi gaskiya. Wa zan faɗa wa? In yau na gaya wa Maame, gobe kasuwa ta ji cewa tikitin Dwomoh ba ya zuwa kamfani. Duk wanda ya taɓa faɗuwa a hannuna zai ce nasa ma na danne. Lasisi ya tafi, suna ya tafi, yara su dawo gida da akwatunansu.

Maame ta zo jiya da hantsi, kuɗi a ƙulle a bakin zane. Ta yi mafarkin babanka yana ba ta ƙwai tara, ya ce su haɗu a gida mai lamba arba'in da ɗaya.

Na ce, "Maame, ki sayi kwano tukuna. Damina ta kusa."

Ta ce, "In na ci, bene zan gina, in ba ka ɗakin ƙasa ka riƙa yi min shara."

Na ce, "Sau ɗari huɗu ake bugawa kafin a ci sau ɗaya."

"To ni da na ci, sau nawa na buga?"

"Ɗari uku da sha biyu."

"Ka gani? Ko lissafin naka ma na riga shi."

Matan da ke layi suka kwashe da dariya. Na ce to ta buga dubu ɗaya, ta ajiye saura. Ta leƙo ta tagar rumfa ta ce, "Yaw, ɗan da na ba ɓawon dokunu yana kuka, yau shi ke auna min kuɗina? In hannunka na ciwo, ga rumfar Ofori can, shi ba ya wa'azi."

Ofori zai karɓa, ya yanki ladansa, ya yi mata addu'a.

Na jawo littafin kamfani, na jawo tsohon. Ka duba inda nake. In na kai kuɗin, kashi ɗari uku da casa'in da tara cikin ɗari huɗu sun tafi ke nan, ruwa ya ci gaba da zuba a kan gadonta. In na riƙe, 9 da 41 suka fito, miliyan ashirin da huɗu take bi na. Gidana da rumfata da ni kaina in an haɗa an sayar ba mu kai ba.

Na rubuta a tsohon.

Da yamma na hau mota zuwa Kumasi, na haɗa kuɗin nata da ragowar gwangwani, na sayo kwano da ƙusa. Kafinta yana kan ɗakin yanzu haka. Na ce mata kai ka aiko, domin in na ce ni ne za ta tambayi inda na samu.

Shekara goma sha huɗu ban buga ba. Gobe ni ne mai tikiti mafi tsada a Konongo, kuma addu'ata kada ya ci. Akua ta kawo fufu da miyar kwakwa na mayar mata ban taɓa ba, tana tambaya ko zazzaɓi ne.

Naka,
Yaw Dwomoh

Takoradi, 27 ga Maris

Yaw,

Direban motar katako ya kawo min saƙon Maame kafin takardarka: ƙullin dokunu goma da albarka mai yawa, wai ɗanta ya rufa mata asiri. Na karɓa ina kallon ƙasa. Esi ta ce in mayar, na ce in mayar wa wa?

Ranar Asabar ina bakin aiki, ban ji rediyo ba, kuma na kasa tambayar kowa. Me ya fito? Ka rubuto ko layi ɗaya ne.

Kwasi

Konongo, 31 ga Maris

Kwasi,

Muna lafiya. 9 ta fito, ita ce ta biyu da aka kira. Sauran ukun a tsaye na saurare su, riƙe da katakon rumfa. 41 ba ta zo ba.

Ranar Laraba aka yi ruwan farko. Ɗakinta ko ɗigo.

Na zaci ta huce. Jiya daga coci ta biyo ta gidana, fuska a sake. Ta ce, "Ka gani? Tara ta iso, 'yar'uwarta na hanya. Makon nan da na bari ka rubuta min ɗari biyar kawai, don in huta ne, amma Juma'a mai zuwa ka shirya." Ta kai zannuwanta biyu na kente, masu tsadar nan, wurin dillaliya. Mata huɗu sun ce za su bi ta, kuma duk a hannuna suke so, hannu mai albarka. Na leƙa gwangwani, ɗari biyar ɗin nan ce kaɗai a ciki. Juma'a saura kwana huɗu, ban san littafin da zan jawo ba.

Kada ka ƙone wannan. Albarkar ka riƙe, na bar maka. Amma ranar da Allah ya yi wa Maame kira, aka kafa rumfunan makoki, mai shela ya ɗauki lasifika yana kiran waɗanda suka yi mata hidima, ka sa a rubuta a takardarsa cewa ni na rufe ɗakin nan. Ka tsaya kusa da shi ka tabbata ya karanta daidai. Yaw Dwomoh. Ba Yaw Loto ba.

Naka,
Yaw Dwomoh