Ranar da Baba Ya Manta Hanyar Gaɓa

Zuwa ga Yaya Asger,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Lorraine da yara. Allah ya ƙara wa gwiwarka sauƙi, don na ji har yanzu kana ɗingishi in sanyin Kanada ya taso. Mu nan tsibirin Langeland lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Maigidana Mogens yana fama da aikinsa a Svendborg, kullum ya dawo yana ƙorafin baya. 'Yata Signe ta koma makaranta. Gwaggo Bodil kuwa an yi mata aikin ido, yanzu tana hango ƙurar gidan kowa ban da nata. Bishiyar tuffar da ke bayan gidanmu ta yi 'ya'ya har rassa na taɓa ƙasa, ba mai ci.

Na zaɓi in rubuto maka ne saboda a waya kuka yake cin ƙarfina. Da muka yi magana ka ce mu sayar da kwale-kwalen Baba kawai a huta. Ban ji haushi ba, amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ka san mantuwar Baba ta fara tun bayan rasuwar Mama, abin da ba ka sani ba shi ne inda ta kai. Yakan tsaya a tsakiyar kicin ɗin da ya gina da hannunsa yana tambayar ina masu gidan suka tafi. Yakan kira ni Ragna, sunan Mama, ya yi mini faɗa wai na bar yara a waje ba hula. Amma Yaya, in ya sa ƙafa cikin kwale-kwalen, wannan jan kayak ɗin nasa, sai ka ce an mayar masa da ransa. Da kansa yake haƙo tanar yashi a bakin ruwa, ya ɗaura ƙugiya ba tare da ya duba ba. Ya san tudun yashin da shimfiɗaɗɗun kifin nan suke kwanciya, sai ya bar iska tana tura shi a hankali, dalmar da ke jikin zaren ƙugiyar tana jan ƙasa. Ranar da ya dawo da kamu, shi yake fere su, ya birkiɗa su a gari, ya soya da man shanu, ya ce Gunvor ina dankali. Da sunana yake kirana, Yaya. Shi ya sa duk wannan bazarar na ƙyale shi yana fita, ni kuma ina tsaye a taga.

Ranar wata Laraba ya fita teku kwance luf kamar an shimfiɗa zane. Kafin rana ta take, iska ta juya, ta taso daga tudu tana kora komai waje. Ina wanke-wanke na ɗaga kai na ga jan ɗigon nan ya wuce inda ya saba tsayawa. Na fita da gudu ba takalmi, ina kwaɗa masa kira iska tana kwashe muryar. Mogens ba ya nan, ni kuma ka san ban taɓa iya riƙe filafili ba, kai ya koya wa. Na shiga ruwa har ƙugu, sai na tsaya, don ban san me zan yi in na ƙara gaba ba. Na koma na buga wa Torkild maƙwabcinmu waya, ya fito yana jan ƙafa, injin jirginsa ya ƙi tashi, yana ja yana zaginsa har kakan kakansa. A lokacin ne wani katafaren jirgin kaya ya doso ta mashigin tekun, Baba kuwa yana gangarawa kan hanyarsa. Na ga raƙuman ruwan da jirgin ya tayar sun ɗaga shi sun sauke, ya ɓace mini, ya sake bayyana. Ban yi addu'a mai kan gado ba, sunansa kawai nake maimaitawa.

Da Allah ya sa injin ya tashi, Torkild ya cim masa can nesa. Ya ce ya tarar da shi zaune tsaf, filafili ya tafi abinsa, ga wani kifi da ya fi faranti faɗi a kan cinyarsa yana shafawa. Baba ya gaishe shi cikin ladabi kamar baƙo, ya nuna gaɓarmu ya tambaya wace ƙasa ce waccan, sannan ya tambayi Torkild shi kuma ɗan gidan wa ne. Torkild fa, da suka zauna benci ɗaya a makaranta. Sai Torkild ya ce masa shi ne mutumin da ya fi shi iya kamun kifi tun suna yara. Wai Baba ya ƙura masa ido, ya fashe da dariya, ya ce ashe maƙaryacin nan ne Torkild, to ya daina surutu ya ja shi gida. Da suka iso na rungume Baba, shi kuwa ya miƙo mini kifin yana murna, ya tambaye ni me ya jiƙa mini siket.

A ranar muka sa kayak ɗin a ɗakin ajiya muka datse da kwaɗo. Tun daga nan Baba yake narkewa a gaban idona. Ya bar aski, abinci sai ya juya shi da cokali ya ture. Kullum da safe zai je ya kama kwaɗon yana girgizawa, ya dawo ya ce ɓarayi sun rufe masa kaya. Rannan ina sa masa safa ya dafa kaina, ya ce ni yarinyar kirki ce, amma in jira 'yarsa Gunvor ta zo, ita ba za ta yarda a yi masa haka ba. Na ce to, na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ya ji ni.

Kada ka ɗauka ba mu gwada komai ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Torkild ya ɗauke shi a jirginsa, ya zauna kamar buhun dankali, ya ce ƙarar inji ta kori kifin Denmark gaba ɗaya, ko ƙugiya bai jefa ba. Sai Mogens ya kawo dabarar igiya. Muka ɗaura wata doguwa a bayan kayak ɗin a ɓoye, Mogens ya riƙe bakinta a kan gadar katakon bakin ruwa. Da ka ga fuskar Baba da ya ji ruwa a ƙarƙashinsa! Ya tuƙa da ƙarfinsa, har igiyar ta miƙe ta fizge shi. Ya waiwaya ya gan ta, ya gan mu. Ya juyo a hankali ya fito, ya ce shi ba akuya ba ne, ya wuce gida bai sake duban kowa ba. Gara da ya zage ni.

Likita ta ce lokaci ya yi da za mu nema masa wuri a gidan kula da tsofaffi. Na je na duba, wurin tsaf, mutanen masu kirki, amma tagoginsa filin ajiye motoci suke kallo. In na kai shi can na san ba zai ga wata bazara ba. In na buɗe masa ƙofa teku za ta ɗauke shi ina tsaye. In na bar shi haka, ga shi yana tafiya kaɗan-kaɗan a kan kujera. Makullin yana aljihuna, kuma ba zan ɓoye maka ba, ranar da ruwa ya kwanta nakan ji hannuna ya kai kansa.

Ba shawara nake nema ba, Yaya, na san kai ma ba ka da ita. Zuwa nake so ka yi, kafin sanyi ya kankama. Jiya ya tashi da walwala, ya jingina sandunan fatsa biyu a bakin ƙofa, ya ce in yanka burodi in shafa man shanu na mutum biyu, wai Asger na tasowa daga makaranta za su fita. Na yanka na naɗe. Ya zauna a kan dakali da hularsa yana kallon hanya har rana ta yi sanyi. Da na ce ya ci nasa, sai ya ce a'a, zai jira yaron.

Ka gaida Lorraine da kyau, ka gaida Ditte da Villads, Allah ya raya su. Mogens da Signe suna gaishe ku, haka Gwaggo Bodil. Torkild ya ce in gaya maka ya ajiye maka filafili. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka da ke duban hanya,
Gunvor