Agogon da Ya Ƙi Jin Maganar Kawu

Darb Gallaf, Kasablanka

Gizlan 'yar ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa. Ya sanyin Tanja? Ki gaida babarki, ki ce har yanzu ina jiran zaitun ɗin da ta yi alkawari.

Kin tuna manhajar da kika rubuta mini da yaren kwamfuta na C, ta agogunan kiran salla da nake haɗawa a shago? To, azumi ya ƙarato, gwamnati za ta mayar da lokaci baya da awa ɗaya kamar yadda take yi duk shekara. Si Larbi, ladanin unguwarmu, idonsa ya yi rauni, da ƙarar agogona zai riƙa kiran magariba. In ya kuskure, unguwa guda za ta sha ruwa da rana tsaka, da sunana.

Na so in rage awa a jadawalin salloli, sai na tarar kin liƙa wata kalma, const, a jikin manunin da ke kaiwa ga jadawalin a cikin manhajar. Kwamfuta ta ce ba a taɓawa. Ni da na yi shekaru ina buɗe wayoyin da aka rantse ba sa buɗuwa! Na sauya wa manunin riga, na cire kalmar, kwamfutar ta yi shiru.

Ga abin da ya hana ni sakat. Rubutu ɗaya na zuba wa agogo biyu, tsoho da sabo. Tsohon ya yi kunnen uwar shegu, jadawalinsa bai motsa ba. Sabon kuwa kullum gari ya waye sai ya ƙara rage awa. Jiya ya kira magariba ina tsakiyar cin tajin, abincina na rana. Maƙwabcina Mbarak ya leƙo ya ce, "Bushu'aib, sayar mini da wannan, da shi zan yi azumi!"

Me ya raba su?

Kawunki,
Bushu'aib


Tanja

Kawu,

Ina gaisuwa da girmamawa. Mama ta ce zaitun sai ka zo da ƙafarka.

Kalmar nan ba kwaɗo ba ce, Kawu, gargaɗi ce. Ka cire ta, kwamfuta ta daina yi maka magana, amma jadawalin yana nan inda aka ajiye shi. A tsohon agogon, wurin ajiyar ba ya karɓar rubutu. A sabon yana karɓa, kuma ka sa umarnin ragewar a inda ake bi kowace safiya. Dokar C ta ce wanda ya yi rubutu a kan abin da tun farko aka ce kada a taɓa, ba a yi masa alkawarin komai ba.

Don Allah ka cire sabon daga wuta. Zan aiko da gyara, amma ba zai iso kafin a ga wata ba.

'Yarka,
Gizlan


Gizlan,

Gaisuwa. An ga wata, ki yi gyaranki a tsanake.

Na zauna na yi tunani: gwamnati ce ta motsa, rana tana inda take. Sai na ɗauki tsohon agogon na kai masallaci, ban mayar da shi baya ba, ban taɓa masa komai ba. Yau ya kira magariba daidai faɗuwar rana. Si Larbi ya ce mutane na ƙorafin agogon yana gaba da awa ɗaya, na liƙe fuskar agogon da takarda.

Na mayar miki da kalmarki. Sabon kuma Mbarak na ta ciniki, na ce sai bayan Salla.

A sha ruwa lafiya.

Kawu